Kafin kuɗinka su tafi ƙetare

Ɗana, na ji kana tara kuɗin kifin bana domin ka sayo tsohuwar na'urar gem daga Amurka, PlayStation 2 ɗin nan da kuka yi ƙuruciya kuna layi a kanta. Ban hana ka ba. Abin da mutum ya so yana yaro ba ya fita ransa, kuma in ka kafa ta a Warra yara za su biya su buga ƙwallo. Amma zauna mu yi magana.

Fara da wuta. Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, ta Amurka 120, ta Japan 100. Manyan PS2 na farko, waɗanda suka fito a 2000, kowace an ƙera ta ne daidai da wutar ƙasar da za a sayar da ita. Na ga wani yaro a Yauri ya jona irin wannan kai tsaye, ko hoto bai gani ba sai ƙauri. Ya yi kuka kamar an yi masa rasuwa, ni ma abin ya taɓa ni, domin guminsa ne ya ƙone. Ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton rubutun da ke bayan na'urar. In ka ga 120, sai da taransifomar rage wuta. Janaretonka ma kada ka amince masa ba tare da sitabilaiza ba.

Sannan tsarin talabijin ɗin Amurkawa daban yake da namu. Mu PAL muke bi, kamar Ingila, su kuwa NTSC. Tsohuwar talabijin za ta iya ba ka hoto baƙi da fari, kuma na'urar Amurka ba ta karanta faifan Turai. Saboda haka in dole sai ka sayo daga waje, nemi ta Ingila, har filoginta mai ƙafa uku irin namu ne.

Kuɗin da ka gani a intanet kuwa somin taɓi ne. Akwai na jirgi, akwai na kwastam, akwai na motar da za ta ɗauko ta daga Legas, ga dala da ta yi tsada tun 2023. In ta iso idon da ke karanta faifai ya mutu, wa za ka mayar wa? Abu ne mai shekara ashirin da ɗoriya, ga ƙurar hunturu tana jiransa.

Ni da zan zaɓa maka, Kano za ka, kasuwar Sabon Gari, ko ka aiki amintacce kasuwar Alaba da ke Legas. A kunna maka gwanjon a gabanka, ka buga ta yi zafi, ka ji ko fankarta na juyawa, ka gwada hannayen biyu. Ka karɓi lambar mai gyara. Kuɗin gyaran jirginka da na komarka kuma ka ware su gefe, kada ka taɓa su.