Ranar da Baba Ya Koma Ɗalibi

Mahaifina malamin firamare ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Zango, kuma ya fi shekara 20 yana riƙe da alli. A watan Maris na 1920 ba a san rufe makaranta don annoba ba a gidanmu, in ji kakata, amma a watan Maris na 2020 mun gani da idonmu. Cutar korona ta sa gwamnati ta rufe makarantu duka. Lokacin nan ina aji biyar na firamare, yayata kuwa tana shirin jarrabawar WAEC, wadda aka ɗaga zuwa watan Agusta.

Da fari rediyo muke bi. Amma rediyo ba ya jin tambaya, in ka ɓata a tsakiyar lissafi shi ke nan, malam ya yi gaba abinsa. Ana nan sai malamin lissafinsu Yaya ya fara koyar da su ta Zoom, watau a ga juna a ji juna nan take ta waya, kowa yana ɗakinsa. Ba a jima ba sai aka aiko wa Baba shi ma cewa za a yi wa malamai kwas ta wannan hanya, kuma za a riƙa kiran suna.

Baba bai so ba ko kaɗan. Ya ce, "Wane irin karatu ne wannan, malami ba ya ganin wanda ke gyangyaɗi?" Ni na nuna masa inda ake taɓawa a buɗe murya, da inda ake ɗaga hannu. Ranar farko ya manta bai rufe muryarsa ba, zakaranmu ya yi ta cara har mai koyarwa ya tambaya ko ɗalibin nan yana da tambaya ne. Ga shi kuwa Zoom na kyauta minti 40 yake yi ya yanke, sai kowa ya sake shiga. Ga kuɗin data, ga rashin wuta. Sau da yawa ni ake aike wurin mai cajin waya tun da sassafe.

Babbar wahalar ita ce, waya mai kyau guda ɗaya ce a gidan. Wata Laraba sai darasin Yaya da kwas ɗin Baba suka faɗo lokaci ɗaya, ƙarfe goma na safe. Ranar nan ne za a maimaita musu wurin da ya fi ba ta wuya, shi kuwa Baba an ce wanda ya yi fashi ba zai sami takardar shaida ba, wadda yake sa ran za ta taimaka masa wajen ƙarin girma. Yaya ba ta ce komai ba, ta dai shiga ɗaki da littafinta. Inna ta dubi Baba, Baba ya dubi wayar.

Can sai ya kira ta. Ya ce, "Ungo, ki tambayi duk abin da ba ki gane ba, kada ki ji kunya." Ya sa hularsa, ya ce in biyo shi. Muka taka da ƙafa har gidan wani abokin aikinsa kusa da rijiyar Kusugu. A zaure suka zauna kan tabarma ɗaya, suka jingina waya da buta, dattawa biyu kai da kai kamar 'yan aji ɗaya. Da aka kira sunan Baba sai ya leƙa da fuskarsa ya amsa da ƙarfi, har da ɗaga hannu na gaske, ya manta da wanda na koya masa.

Da muka komo gida bayan azahar, Yaya ta tarye mu a bakin ƙofa, ta ce tambaya uku ta yi, malam ya amsa mata duka. Baba ya ce ta kawo littafin ya gani.