Ranar Da Muka Ci Taliyar Italiya A Abuja

A hutun makaranta da ya wuce ne wata ƙawata da muka yi kwalejin ilimi tare, wadda aure ya kai ta Abuja, ta matsa sai mun je mata kwana biyu. Da maigida ya ba ni izini, sai muka haɗu mu uku a tashar Rigasa ta Kaduna, muka hau jirgin ƙasan nan da ya fara jigila a shekarar 2016, muka sauka a Idu. Washegari bayan la'asar ta ce yau ba za a ɗora tukunya ba, akwai sabon gidan abincin Italiya da aka buɗe a unguwar Wuse II, can za ta kai mu.

Wurin dai tsaf yake, ga sanyi, ga ƙamshin tafarnuwa da man zaitun tun daga ƙofa. A kusurwa guda akwai wani murhu mai kama da tanderun masu gurasa, ana ta cusa masa itace. A cikinsa ake gasa fiza, wato faffaɗan burodi da ake shafe da tumatir a barbaɗa cuku. Na ce da ƙawayena, ai wannan gurasa ce ta je ƙasar waje ta dawo da sabon suna.

Da aka kawo takardar jerin abinci sai ido ya raina fata, domin babu sunan da muka iya karantawa daidai. Mutanen Italiya ba sa tara abinci a faranti guda kamar mu. Ana fara taɓa ɗan abin motsa baki, sai taliya ko shinkafa, sai nama ko kifi, a rufe da kayan zaƙi. Babbarmu, wadda muke kira Yaya, ta nuna wani mai suna carbonara don hotonsa ya burge ta, ni kuma na zaɓi risotto, wata shinkafa mai danƙo. Har yaron da ke kawo abinci ya juya, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na kira shi na ce, "Ɗan'uwa, don Allah me da me ake sa wa a ciki?" Mai masaukinmu ta ɗan taɓa ni ta ce, "Haba Malama, kada ki sa a ce mana 'yan ƙauye." Na ce gara a kira ni 'yar ƙauye da in haɗiye abin da ban sani ba.

Yaron ya shiga ya fito da kuku da kansa, mutum mai fara'a, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce carbonara ta asali da naman kumatun alade ake yin ta, tare da ƙwai da cuku da masoro. Risotto kuwa, sai an zuba wa shinkafar farar giyar inabi kafin a fara ƙara romo. Hatta tiramisu, wani kek mai gahawa da muka so rufe ciki da shi, ya ce nasu akwai giya a ciki. Yaya ta dafe ƙirji tana salati.

Kuku ya ce ai wuta tana ƙone giyar. A nan ne nake so uwargida ta lura, domin wannan magana ta yaɗu, kuma ba haka take ba. Alƙaluman ma'aikatar aikin gona ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 ana dafawa, kusan kashi 40 cikin 100 na giyar yana nan, kuma ko an kai awa biyu da rabi akwai ragowar kashi 5. Risotto kuwa cikin minti 20 yake nuna.

Muka sauya zaɓi. Aka kawo mana arrabbiata, taliya da tumatir da tafarnuwa da barkono, sunan ma na nufin "mai fushi" saboda yajinta. Aka haɗa da gasasshen kifi da fiza Margherita, wadda ba ta da nama sam, tumatir ne da farin cuku da wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoya, launin tutar ƙasarsu ke nan. Na roƙi a yi mana a tukunya mai tsabta da cokali daban, aka yi. Taliyar ba su bari ta yi luguf kamar tamu, da ɗan ƙarfinta a haƙori. Yaya ta ce ba ta dahu ba, amma ita ta fara share farantinta.

Wani abin da ya daɗa mini daɗi shi ne tuna cewa wannan abinci ba baƙonmu ba ne. Musulmi sun shiga tsibirin Sisili na kudancin Italiya a shekarar 827, mulkinsu bai ƙare ba sai 1091. A shekarar 1154 malamin nan masanin ƙasa, Al-Idrisi, ya rubuta cewa a garin Tarabiya kusa da Falarmo ana yin wani abinci na fulawa mai kama da zare da ake kira itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Ga shi mu ma muna murza tamu a gida, mu shanya a igiya, mu ci da mai da yaji.

Da aka kawo lissafi kuwa, kuɗin faranti guda zai yi mini cefanen kwana uku. Ba wurin zuwa kullum ba ne, amma zumuncin da muka yi ya biya.

Shawarata gare ki 'yar'uwa, in kin samu kanki a irin wannan wuri, ko yara suka matsa a kai su, kada kunya ta hana ki tambaya uku: wane nama ne, an sa giya, kuma a wace tukunya aka dafa? Matambayi ba ya ɓata. Ni dai na dawo Kaduna da kwalbar man zaitun, kuma tuni yarana suka saba da taliya mai fushi. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya bar zumunci. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.