Kafin a ba minizye abansi



Bana munka gyara madafar gidanmu, munka sa a yi muna kabad na tukwane da kwanoni. Ba mu zaɓi minizye da labarin fada ba. Gida biyu munka shiga, inda aikinshi ya shekara uku, munka buɗe ƙofofi, munka duba ƙasan ko gara ta taɓa.

Katako shi ne babbar magana. Arewa ba mu da dajin katako, daga Kasuwar Katako ta Yamai ko daga Najeriya yake zo muna, da kuɗin mota bisa kai. In ɗanye ne, hunturu na shigowa sai ya tsuke, ƙofa ta ƙi rufuwa. Kontirplake kuwa, ruwa na taɓa shi ya kumbura. Mu na cikin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa, dole kabad ya hau dakalin siminti ko ƙafafun ƙarfe.

Ranar awo uwargida ta tsaya, don ita ta san girman tukunyarta. Rabin kuɗi munka ba da, da takarda da shaidu biyu, saura sai an kafa. Munka kauce wa kaka, lokacin da gadajen amare ke cika mishi hannu.

Amma jama'a, in ya cika alkawari, a biya shi ranar. Yaran shagonshi da wannan kuɗin suke cin tuwo.

Allah shi ba mu masu amana.