Talabijin a Ɗakin Direba

Ni mutumin Dandamisa ne, a ƙasar Maƙarfi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina tuƙin babbar mota. Da kaka nakan ɗauki masara da dawa, da sanyi rake da mazarƙwaila, da rani kuwa tumatir da barkono daga wajen Kudan da Hunƙuyi da Ikara zuwa Ikko. In an lissafa kwanakin shekara, waɗanda nake yi a hanya sun fi waɗanda nake yi a gida.

A Turai da Amurka akwai wata irin mota wadda akan gina mata ɗaki a ciki, da gado da wurin dafa abinci da makewayi, iyali su shiga su tafi yawon hutu. Mu nan ba mu da irinta sai jefi-jefi. Amma duk direban tirela ya san zaman ɗakin mota, gama bayan kujerarmu akwai ɗan gado, nan ne ɗakinmu. Nan nake ajiye bargo da risho da tufafi. Nan kuma na ajiye wani ƙaramin talabijin baƙi da fari, mai ƙusumbi a baya, na ɗaure shi da igiya a kan akwati. Ya daɗe yana ɗebe mini kewa, musamman a shekarun 2018 da 2019, sa'ad da mukan yi kwana da kwanaki a layi a hanyar Apapa. Wata rana a 2022 muka faɗa wani rami, igiyar ta tsinke, ya faɗo ya fashe.

Da na komo gida na gaya wa uwargida zan sayi sabo, irin na bangon nan marar ƙusumbi wanda yara suke kira filasma. Ta ce, "Maigida, ba na hana ka ba, gama na san zaman kaɗaici ba daɗi. Amma ka tuna kuɗin makarantar autarmu yana gaba." Na ce na tuna.

Ɗanmu na biyu yana koyon aikin wutar sola a Zariya, ya zo gida a makon nan. Ya ɗauko awo ya ce, "Baba, bari mu je mu auna wurin tukuna. Kada kuma ka sayi na wutar gida. Akwai mai aiki da batir kai tsaye." Maganar ta sosa mini rai. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake kwana cikin mota, shi ne zai koya mini abin da ya dace da ita? Ya sunkuyar da kai ya mai da awonsa aljihu.

Kashegari na hau mota a Tashar Yari na tafi Sabon Garin Zariya ni kaɗai. Na ga wani mai inci 32, hotonsa garau kamar ka sa hannu ka taɓa mutanen ciki. Ban tambayi kome ba sai kuɗi. Na biya abin da ya kai kuɗin buhunan masara masu dama, na ƙara da injin juya wuta wanda ake kira inbata, domin talabijin ɗin na wutar gida ne.

Tun a ranar wahala ta soma. Ashe incin da ake faɗa ba faɗin talabijin ba ne, daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Mai inci 32 faɗinsa ya haura santimita 70, wurin da nake da shi a gefen ƙafar gado kuwa bai kai haka ba. Tilas na jingine shi a karkace na tokare da matashi. In na kwanta, ba inda zan miƙe ƙafa. Yaron motata ya duba ya duba bai ce kome ba, amma na ga yana danne dariya.

Babbar ɓarnar tana wajen wuta. Babbar mota batir biyu gare ta, kowane mai bolt 12, a haɗe su ba da 24. Inbatar da na saya kuwa ta bolt 12 ce. Sai na sa wani mai gyara a bakin hanya ya jona ta a jikin batir ɗaya. Ban san cewa yin haka yana cinye ɗayan ya bar ɗayan ba, in mota tana tafiya kuma ba ta iya cika su daidai. Kowace tafiya batir ɗin nan yana ƙara raunana, ni ban sani ba.

A tafiya ta uku, da lodin tumatir, muka tsaya Tafa da dare domin in ɗan runtsa. Na kunna talabijin da fanka, barci ya kwashe ni. Da asuba na murɗa makulli, mota ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Mota mai kaya ba ta turuwa. Kafin mu sami wanda ya ba mu aron batir rana ta take, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Muka isa kasuwa a makare, kwandunan ƙasa suna zubar da ruwa. Masu kayan manoma ne na wajenmu, waɗansu tare muka yi wasan ƙasa. Ba wanda ya zage ni. Ɗaya daga cikinsu ya ce kawai, "Haba, direba, ai kai muka amince wa." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na rage musu kuɗin mota, na kuma sayi sabon batir. Kuɗin makarantar auta sai da uwargida ta kwashe adashinta ta biya.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a sha'anin zaman duniya. Amma a sha'anin waya da batir, yaron nan ya hango abin da ni ban hango ba. Na yi kwana biyu ina juya maganar a raina kafin na kira shi. Na ce, "Zo da awon nan naka." Bai tuna mini da maganar da na yi masa ba ko da kalma ɗaya.

Ga yadda muka yi, ko zai amfani wani. Da fari muka auna wurin, tsawo da faɗi da zurfi, muka rubuta a takarda. Muka sayar da babban da hasara, muka koma Sabon Gari tare. Ya zaɓi mai inci 22, irin na sola mai aiki da bolt 12, faɗinsa kamar santimita 50. Ya juya bayansa ya nuna mini inda aka rubuta yawan wutar da yake ci, wajen wat 25, kusan rabin na babban. Ya ce inbata kanta tana cin wuta ko ba a kallon kome, saboda haka gara a raba hanya da ita. Sa'an nan ya sa aka kunna, ya ce in tsuguna in dube shi daga ƙasa, gama a kwance zan riƙa kallo, waɗansu kuwa hotonsu yakan yi duhu in an kalle su ta ƙasa. Na farko da muka gwada haka ya yi. Na biyu muka ɗauka.

Wajen kafawa, a bayan irin wannan talabijin akwai ramuka huɗu na kusoshi, tsakanin kowane biyu santimita 10. Ya zana su a kwali ya kai wa mai walda, aka yi mana faranti na ƙarfe mai ɗan sunkuyo. A shago aka yi waldar, ba a jikin mota ba. Bangon kan mota gwangwani ne marar kauri, don haka ya laluba inda ƙashin ƙarfe yake, nan ya huda ya ɗaure da noti da washa mai hana kwancewa. Ya yanko tsohon tiyub ya sa tsakanin farantin da bango domin ya shanye jijjiga. Kusoshin bayan talabijin kuwa ya zaɓi gajeru, ya ce dogo yakan huda kayan ciki. A ƙarshe ya sa ɗamarar roba wadda nake ɗaurewa kafin mu tashi.

Wuta kuma ya ɗauko ta daga batir biyun gaba ɗaya, ta bi ta wani ɗan akwati mai rage ta daga 24 zuwa 12. Ya sa fis kusa da batir, ya ce in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ne zai ƙone, ba mota ba. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe ya naɗe ta da roba. Ya sa makunni a kan gado inda hannuna yake kai wa. Ya kuma kafa talabijin ɗin inda ba a ganinsa daga kujerar direba. Na ce don me? Ya ce, "Baba, muna so ka riƙa dawo mana." Ban sami amsar ba shi ba.

Sauran magana ita ce abin kallo. Talabijin ya soma a Kaduna tun 1962, amma har yanzu in ka yi nisa da manyan birane eriya ba ta kama abin kirki. Sabuwar hanyar watsa shirye-shirye da aka ƙaddamar a Jos a 2016 kuwa ba ta san dishi-dishi ba, hoto ko ya zo garau ko ya ɗauke ɗungum. Saboda haka yaron ya tabbata talabijin ɗin yana da ƙofar sa filash. Ya zuba mini waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, da bikin 'yarmu ta fari, da hoton jikokina suna ɓare gyaɗa a tsakar gida suna gardama. Ban roƙe shi wannan na ƙarshe ba, amma shi na fi kallo. Uwargida kuma ta ɗinka wa talabijin ɗin riga da ragowar atamfarta saboda ƙurar hunturu. Nakan tuɓe ta in zan kunna, domin ya sha iska.

Tun daga ranar mota ba ta sake ƙin tashi saboda kallo ba. Na sa wa kaina doka: sa'a biyu, in kashe, in kwanta. Manoman nan kuwa da rani ya zagayo suka sake kirana, na gode musu ƙwarai.

To, 'yan'uwa direbobi, da ku matan da mazanku suke kwana a hanya, ga abin da na koya da tsada. Ɗakin mota ɗaki ne, amma kayan gida ba su zauna masa ba sai an auna. Ku auna wuri kafin ku je kasuwa, ku tambayi irin wutar da abu yake ci, ku ɗaure shi kamar za a bi da shi ta kan kunya. In kuma yaron da kuka biya wa kuɗin koyon sana'a ya zo da awo a hannu, ku ba shi wuri ya auna. Ai domin wannan rana kuka tura shi.