Gonar da Na Saya da Rani

Ya kai ɗalibi, na san a yanzu littafi da alƙalami ne a gabanka, kuma zancen sayen gona ya yi maka nisa. Amma wata rana za ka tara ɗan abin hannunka, zuciyarka ta raya maka ka mallaki ƙasa. Domin wannan ranar nake so in ba ka labarin gonata.

Shekara shida da suka wuce na kwashi adashen da muke yi da 'yan'uwana malamai. Na haɗa da abin da na daɗe ina ajiyewa, na nemi dillali. A watan Fabrairu ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Zazzau, ya nuna mini gona mai faɗin eka uku. Fili ne shimfiɗaɗɗe, da itacen ɗorawa a tsakiyarsa, kuma babur ya kai mu har bakin gonar. Kuɗin da aka faɗa bai kai abin da na zata ba. Mai gonar ya ce yana da buƙatar gaggawa. Nan take na biya a gaban shaidu biyu da dillalin ya kawo, muka rubuta 'yar takarda, na ba shi la'adarsa. Ban gai da mai unguwa ba, ban kuma tambayi maƙwabci ko ɗaya ba. Na manta Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ba a yi wata biyu ba sai aka aiko mini da saƙo daga gidan dagaci. Ashe gonar ta gado ce, ba a raba ta ba, kuma ƙanwar wanda ya sayar mini tana da rabo a ciki. Ta zo daga garin da take aure tana neman haƙƙinta. Da na durƙusa na yi gaisuwa, sai dagaci ya dube ni ya ce, "Malam, da ka zo saye, wa ka tambaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban tambayi kowa ba."

Ya ce, "To, da ka tambayi yaro ƙarami a garin nan, da ya gaya maka."

Kunya ta kama ni. Ga shi wanda ya sayar mini ya riga ya kashe kuɗin. Wata uku muna kai da kawowa, har na fara fid da rai. Daga ƙarshe dattawa suka sasanta mu: na ƙara kuɗi na biya matar rabonta, aka sake rubuta takarda, magada duka suka sa hannu a gaban dagaci. A lokacin ne na san abin da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum yake samu shi ne izinin zama da amfani da ita. A karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da irin wannan izini. Sai na je na nemi takardata, don kada 'ya'yana su gaji rigima.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe damina na tafe da nata darasin. A watan Agusta rafin da muka tsallake a bushe ya cika ya batse, ya yanke hanya. Sai in ajiye babur, in naɗe wando, in ratsa da ƙafa. Gefen gonar na kudu ya zama kwari, ruwa ya kwanta, masarar da na shuka a wurin ta ruɓe. A tudu kuma ƙuduji ya fito a gindin dawa. Wannan ciyawa ce mai kyakkyawan fure, amma tana manne wa saiwar hatsi tana tsotse abincinsa, kuma ta fi yawa a gonar da ta gaji. Da kaka ta yi, na gane akwai burtali a gabashin gonar, wato hanyar da shanu suke bi. Wata rana suka ratso suka yi mini ɓarna. Abin da na girba a shekarar bai biya kuɗin taki da na leburori ba.

Na yi niyyar sayar da ita ko da da hasara. Wani dattijo mai gona kusa da tawa ne ya hana ni. Ya same ni zaune a gindin ɗorawa, ya ce, "Malam, gonar nan ba ta da laifi. Ba ka san halinta ba ne."

Na ce, "Baba, to ka koya mini."

Ya ce in shuka shinkafa a kwarin, tun da ita ruwa take so. A tudu ya ce in huta da dawa, in sa wake da gyaɗa, domin suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ya sa na dasa bini-da-zugu a kan iyaka, saboda dabbobi ba sa cin ganyensa. Shi ne kuma ya kai ni wurin ardon Fulani muka yi magana. Muka shirya cewa bayan girbi shanunsu za su ci kara da harawa su kwana a gonar, ni kuma in sami taki. Tun daga ranar ba mu sake samun saɓani ba.

A shekara ta uku na ga amfanin haƙuri. Na kai buhunan shinkafa da wake gida, na fitar da zakka, na aika wa 'yan'uwa. Matan ƙauyen sukan roƙi kalwar ɗorawata, su aiko mini da daddawa. Ranar da iyalina suka ci tuwon shinkafar da na noma da hannuna, na ji daɗin da albashi bai taɓa ba ni ba. Har yanzu rafin nan yana yanke hanya, kuma akwai shekarar da ruwa yakan ɗauke da wuri. Amma yanzu in na kwana biyu ban je ba, akwai masu duba mini gonar.

Saboda haka, in ranarka ta zo, kada ka yi gaggawa irin tawa. Ka ga gonar da rani, ka koma ka gan ta da damina. Ka fara da gidan mai unguwa da na dagaci, ka tambayi asalinta da masu haƙƙi a cikinta. Ka zagaya iyakokinta tare da maƙwabta kafin kuɗinka ya bar aljihunka. Matambayi ba ya ɓata.