Wa Zai Riƙe Ƙwallo? Abin da Tarihin James Harden Yake Koyarwa

Lokacin da ake buga wasannin NBA a Amurka, dare ya riga ya raba a Kazaure. Yawancinsu suna farawa ne tsakanin ƙarfe ɗaya da ƙarfe huɗu na dare agogon Najeriya, don haka matashin da ke bin ƙwallon kwando a Kazaure ko Roni ba kasafai yake kallon wasa daga farko har ƙarshe ba. Abin da ke iso masa da safe a waya gutsattsarin bidiyo ne na minti biyu ko uku, waɗanda aka tsinto domin su burge: gwani ya yanke mutum biyu, ya daka tsalle, ya jefa, ƙwallo ta shige. Wanda ya saba da irin wannan kallo zai ɗauka babu abin gardama a kan aikin da ya dace da gwanin ƙungiya, a miƙa masa ƙwallo kawai, sauran su ba shi wuri. Masu horaswa kuwa sun shafe shekaru suna sa-in-sa a kan wannan batu, kuma wasunsu sun rasa aikinsu a dalilinsa.

Domin a fahimci gardamar, sai an san yadda aka raba aiki a fili. 'Yan wasa biyar ne a kowane ɓangare, kuma ana kiran gurabensu da lamba, kamar yadda masu kallon ƙwallon ƙafa suke cewa lamba tara ko lamba goma. Lamba ɗaya shi ne mai rarraba ƙwallo: shi ke ɗauko ta daga baya, ya karanta tsayuwar abokan hamayya, ya zaɓi wanda zai ba. Lamba biyu shi ne maharbi, wanda ke neman sarari ya karɓa ya jefa. Ƙungiya tana da daƙiƙa 24 kacal kafin ta yi jifa. Idan mutum ɗaya ya riƙe ƙwallo daƙiƙa goma sha biyar, abin da ya rage wa sauran huɗun bai taka kara ya karya ba. To, idan wanda ya fi kowa iya jifa shi ne kuma ya fi kowa iya rarrabawa, wane aiki za a ba shi?

Babu wanda rayuwarsa ta wasa ta fi ta James Harden bayyana wannan matsala, domin ya riƙe kusan kowane gurbi da ake gardama a kai. Oklahoma City Thunder ce ta ɗauke shi a 2009. A can ya tarar da Kevin Durant da Russell Westbrook, don haka aka riƙa ajiye shi a benci, ana sako shi bayan wasa ya yi nisa domin ya jagoranci 'yan canji. A 2012 ya karɓi kyautar gwarzon 'yan canji, ƙungiyar kuma ta kai wasan ƙarshe, inda Miami Heat ta doke ta. A watan Oktoba na wannan shekara, bayan an kasa daidaitawa a kan kwantiraginsa, aka tura shi Houston Rockets. A wasansa na farko a can ya ci maki 37. Mutumin bai canja ba a cikin waɗannan 'yan kwanaki, gurbin da aka ba shi ne ya canja.

Ya yi shekara huɗu a Houston yana lamba biyu. A 2016 sabon koci, Mike D'Antoni, ya yanke shawarar da ta tayar da ƙura: ya mayar da shi lamba ɗaya, ya danƙa masa ƙwallo baki ɗaya. Hujjarsa a fili take. Tunda ko ta yaya ƙwallon a hannun Harden take ƙarewa, me zai sa a ɓata daƙiƙa bakwai ko takwas kafin ta isa gare shi? Alƙaluma sun mara wa kocin baya. A kakar 2016/2017 Harden yana cin maki 29.1 a kowane wasa, yana kuma bayarwa a ci sau 11.2, fiye da kowa a gasar. Ƙungiyar da ta ci wasa 41 a kakar da ta gabata ta ci 55, D'Antoni kuma ya zama gwarzon kocin shekara.

Sai dai a wannan kakar Harden ya zubar da ƙwallo ga abokan hamayya sau 464, adadin da ba a taɓa rubuta wa wani ɗan wasa ba a kaka ɗaya. Da aka shiga zagayen fitar da gwani, inda ake haɗuwa da ƙungiya ɗaya har sau bakwai tana nazarin duk wani motsin mutum, sai nauyin ya bayyana. A watan Mayun 2017, a wasa na biyar da San Antonio Spurs, Manu Ginobili, mai shekara 39 a lokacin, ya tare jifansa na ƙarshe ta baya. A wasa na shida Harden ya ci maki 10 kacal, aka lallasa Houston da 114 da 75 a gidanta. Wanda ya ɗauki kaya tun Oktoba har Mayu bai sauke ba, dole wuyansa ya sage a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Houston ta gane haka, ta kawo Chris Paul, ƙwararren lamba ɗaya, domin su raba kayan. A kakar 2017/2018 ta ci wasa 65, Harden ya zama gwarzon ɗan wasan shekara, ta kuma shiga gaban Golden State Warriors da wasa uku da biyu a matakin kusa da na ƙarshe. A ƙarshen wasa na biyar Paul ya ji rauni a cinya. Kaya ya koma kan mutum ɗaya. A wasa na bakwai Houston ta yi jifan maki uku sau 27 a jere babu wanda ya shiga, aka fitar da ita. Har zuwa ƙarshen kakar 2024/2025 Harden bai ɗaga kofin NBA ba.

Ƙungiyar da ta fitar da su ta bi wata hanya dabam da nata gwanin. Stephen Curry lamba ɗaya ne a takarda, amma tun da Steve Kerr ya karɓi ragamar Golden State a 2014, ya rage masa riƙon ƙwallo. Curry yakan ba da ita da wuri, sannan ya shiga gudu yana kewaya abokan wasansa, masu tsaro biyu suna binsa saboda tsoron jifansa, wani kuma ya samu kansa shi kaɗai a gindin kwando. A kakar 2015/2016, wadda suka ci wasa 73 cikin 82, Curry ya jefa ƙwallon maki uku har 402, amma Draymond Green ne ya fi kowa bayarwa a ci a ƙungiyar. Sun ɗauki kofi a 2015 da 2017 da 2018 da 2022.

Mai karatu na iya cewa ai magana ta ƙare, tsarin Kerr ya fi. A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Kerr ya iya karɓe ƙwallo daga hannun Curry ne saboda yana da Green da zai miƙa wa, yana da Klay Thompson da ke jan masu tsaro a ɗaya gefen, daga baya kuma ga Durant. D'Antoni a 2016 ba shi da kowa irin waɗannan. Da ya hana Harden ƙwallo, da hannun da bai kai nasa ba zai ba. Kowannensu ya duba abin da ke rumbunsa ne ya auna tuwo. Saboda haka tambayar wane gurbi ya fi dacewa da gwani ba ta da amsa sai an fara duba mutum huɗun da ke tare da shi.

'Yan Najeriya sun ga wannan da idonsu a ranar 10 ga Yulin 2021, lokacin da D'Tigers suka doke Amurka da 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas. Kocinsu, Mike Brown, mataimakin Kerr ne a Golden State a lokacin. Najeriya ta jefa ƙwallon maki uku har 20, wanda ya fi kowa ci kuwa shi ne Gabe Vincent da maki 21, mutumin da a Miami Heat ɗan benci ne a wancan lokaci. A wata ƙungiya mai jiran canji ne, a wata kuma shi ne kan gaba, kuma babu kocin da ya yi kuskure a cikinsu.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Yaran Gwiwa da Babura da suka tashi suna langa sun san cewa akwai ruwa, akwai dawakai. Ruwa ne ake so ya kai gida, amma idan ya ce shi zai yi ture, shi zai yi tsaro, shi zai yi gudu, ba zai kai ko'ina ba. Idan kuma dawakansa ba su da ƙwari, komai zafin namansa za a kayar da shi. Ƙwallon kwando ta ƙwararru ma tana da gindin zama a kusa da mu: Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin gasar Najeriya, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a birnin Alƙahira a 2016. Amma ƙananan ƙungiyoyin makarantu da na unguwanni, waɗanda daga cikinsu ne irin su Pillars suke samun 'yan wasa, su ne suka fi faɗawa tarkon gwani ɗaya. Koci yana son cin wasan Asabar, sai ya ce a ba yaron nan ƙwallo. Za a ci wasan, amma bayan shekara uku akwai yara huɗu da ba su taɓa koyon yanke shawara a cikin daƙiƙa biyu ba, ranar da gwanin ya tafi jami'a ko ya karye kuma, ƙungiya ta watse.

Daga nan ake gane inda gardamar ta dosa. Gurbin da ya fi dacewa da gwani shi ne wanda zai kashe ƙarfinsa a kan abin da babu mai iya yi sai shi, a sauke masa sauran. Saukewar kuma ba ta yiwuwa sai an riga an horar da wanda zai karɓa, horon nan kuwa yana da tsada, domin sai an yarda an yi asarar wasu wasanni yayin da mai koyo yake zubar da ƙwallo. Wanda ya yi aiki a asibiti ko makaranta ko ma'aikata ya san irin wannan hali: likitan da ya fi kowa iya tiyata shi ake ɗora wa sa hannu a takardun man janareto, malamin da ya fi kowa iya lissafi shi ne kuma mai tsara jadawali da karɓar baƙi. Ana kiran haka girmamawa, alhali sau da yawa gudun wahalar horar da na biyu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun gwani ne.

A kakar 2022/2023, yana da shekara 33, Harden ya sake zama wanda ya fi kowa bayarwa a ci a NBA, wannan karon a Philadelphia, inda makinsa ya sauka zuwa 21 a wasa. A wannan kakar ce abokin wasansa Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta Kamaru, ya fi kowa cin maki a gasar, ya kuma zama gwarzon ɗan wasan shekara.