Takardar Da Ba Ta Taɓa Ruwa Ba

Duk wanda ya san garinmu Rijiyar Zaki zai yi mamaki in ya ji an ce wani ɗan cikinta ya tashi neman aikin jirgin ruwa. Mu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na sama, da na kududdufin da ke cika da damina, wanda shi ma duka muke sha in iyaye suka ji mun shiga. Gero da dawa da gyaɗa su muka gada, a 'yan gonaki masu manne da juna, waɗanda birnin Kano ke ta ci a hankali ana yanka su fuloti-fuloti. Amma a gidanmu aka sami mai wannan buri, watau yayana. Abin da ya same shi wajen neman takardun shaidar horo shi nake so in kawo gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin ina da hannu a cikin ɓarnar da aka yi.

Yaya bakanike ne, gwanin injin ban-ruwa da janareta. Wata shekara ya bi motar albasa zuwa Fatakwal, aka kai shi ganin tashar jiragen ruwa ta Onne, inda jiragen da ke yi wa rijiyoyin man cikin teku hidima suke lodi. Ya ba mu labarin siffarsu: ɗakin matuƙi a gaba, baya kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe kamar bayan tirela. A kansu ake ɗaukar bututu da siminti da man inji da ruwan sha da abincin ma'aikata, a kai wa dandamalin haƙar mai, wani yana da nisa ƙwarai, kamar filin Bonga da ke kimanin kilomita 120 daga gaɓa. Can jirgi zai tsaya a gindin dandamali, igiyar ruwa na ɗaga shi tana sauke shi, ƙugiya na sauko da kaya masu nauyi bisa kan mutane. Yaya ya ga ɗakin inji, ya ce ai wannan janareta ce ta girma. Tun daga ran nan hankalinsa ya bar gona.

Sai dai ba a hawa waɗannan jirage da gwaninta kaɗai. A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka ƙulla wata yarjejeniya a Landan, wadda ake kira STCW, ta ƙayyade horon da ya wajaba kowane ma'aikacin jirgin teku ya samu. An yi mata gyara babba a 1995, aka sake yi a birnin Manila a 2010. Mafarin horon abu huɗu ne: yadda mutum zai tsira da ransa in jirgi ya nutse, yadda ake hana gobara da kashe ta, taimakon farko ga wanda ya ji rauni, da kiyaye kai da zaman lafiya da abokan aiki. A nan Nijeriya hukumar NIMASA ce ke lura da wannan, ita ke amincewa da makarantun horo, ita ke ba da littafin shaidar ɗan jirgi. Bayan haka akwai takardar likita, wadda ba ta wuce shekara biyu. Kamfanonin mai kuma sukan nemi tasu daban, mai suna BOSIET, wadda a cikinta ake koya wa mutum kuɓuta daga jirgin sama mai saukar ungulu in ya faɗa teku. Ba haka kawai aka tsananta ba. Gobarar dandamalin Piper Alpha a tekun arewacin Birtaniya, a 1988, mutum 167 ta ci.

To, ga inda gizo ke saƙar: Yaya bai iya iyo ba, kuma kuɗin waɗannan kwasa-kwasai sun fi ƙarfin gidanmu. Ana cikin haka sai wani mutumin wajenmu mazaunin kudu ya zo ganin gida, ya ce shi yana da hanya. A ba shi rabin kuɗin da hoto huɗu, cikin mako uku takardu za su iso har gida da hatiminsu, ba sai an je ko'ina ba. Yaya ya yi jim, ya zo ya same ni da dare, don ni ne ɗan boko a gidan. Ya ce, "Kai da ka san takarda, me ka gani?" Ni kuwa na ce masa takarda takarda ce, in dai ya shiga jirgi ai zai koyi sauran da ido. Na faɗi haka da bakina, ina jin kaina mai wayo. Ban tsammanin ni kaɗai ne ɗalibin da ya taɓa yin irin wannan tunani, domin da yawanmu abin da ke rubuce a satifiket muke nema, ba abin da ya kamata ya zauna a ka ba.

Aka sayar da bijimi guda da buhunan gyaɗa. Takardu suka zo, masu kyau kuwa, har da zanen anga. Yaya ya tafi da su wajen wani kamfanin ɗaukar ma'aikata. Ba a yi masa faɗa ba, ba a kira 'yan sanda ba. Magatakarda ya duba lambar a na'ura, bai same ta ba, ya turo masa takardunsa, ya ce na gaba. Mutumin namu kuwa wayarsa ta daina shiga. Yaya ya komo gida ya yi sati bai fita masallacin unguwa ba sai da duhu.

Baba bai ce uffan ba game da bijimin. Ra'ayinsa dai tun farko shi ne takarda ba ta hana ajali. Yakan kafa hujja da labarin da Yaya da kansa ya ba shi, na Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4, wanda ya kife a teku daura da Escravos ranar 26 ga Mayu, 2013. Su goma sha biyu ne a ciki, shi kaɗai ya fita. Ya yi kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, a zurfin kamar mita 30, kafin masu nutso da suka zo ɗaukar gawa su ji hannu ya kama su. Baba ya ce, "To, sauran sha ɗayan ba su da takarda ne?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a lokacin, har yanzu ma ban ce ya yi kuskure gaba ɗaya ba.

Abin da ya juya zancen a gidanmu ba daga teku ya zo ba, daga nan kusa ya zo. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya daga ƙauyen Badau za su wajen Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara, kuma an ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Baba ya ji a rediyo, ya daɗe zaune a kan buzunsa. Bayan 'yan kwanaki ya kira Yaya, ni ma ina wurin, ya ce, "Wannan abin da ake koyarwa, har da yadda za ka fid da wani?" Yaya ya ce, "Har da shi, Baba." Ya ce, "Ashe ba don kanka kaɗai ba ne." Da rani ya yanki gefen gonarmu ta bakin hanya, wadda masu fuloti suka daɗe suna zawarci, ya sayar. Ban san abin da ya fi wannan nauyi ga manomin ƙasar Kano ba. Bijimi ana sake saye, gona kuwa in ta tafi an kafa mata bulo.

Yaya ya tafi wata makarantar horo a Fatakwal wadda hukuma ta amince da ita, bayan ya yi wata guda yana koyon iyo a hannun masunta. Da ya dawo na zauna na yi ta tambayarsa, na kuma gane abin da na jahilta. Ya ce an sa masa rigar ceto, aka hau da shi wani tudu a bakin tafki, aka ce ya toshe hanci, ya danne rigar da ɗaya hannun, ya faɗa da ƙafa. Ya ce ƙafafunsa suka ƙi, sai da malamin ya ƙirga sau biyu. An koya musu juya kwale-kwalen roba in ya faɗo a kife, da yadda mutane za su haɗa jiki a ruwa don kada igiya ta raba su. An shigar da su ɗaki mai cike da hayaƙi da tukunyar iska a baya, suna lalube da bayan hannu. Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne akwatin da aka yi kamar cikin jirgin sama. A ɗaure ka a kujera, a nutsar da akwatin, a juya shi ƙasa ta koma sama, kai kuwa sai ka jira ya tsaya cik, hannu ɗaya a kan taga, sa'an nan ka kwance ɗamara ka fita. Ya ce karon farko ya rasa ina ne sama, sai da mai nutso ya jawo shi. A karo na uku hannunsa da kansa ya sami tagar, kafin tunaninsa ya iso.

Wannan magana ta hannu ta tsaya mini a rai. A tsangaya ba a cewa yaro ya sauke sai malaminsa ya saurare shi, allon zayyana shaida ce kawai ta abin da ya riga ya shiga ƙirji. Ɗan masunci ma ba a sakar masa jirgi sai uban ya ga yadda yake riƙe gora. Mun san wannan a al'adarmu sarai, muna ma rubuta shi a jarrabawa. Amma da takarda ta zo da Turanci da hatimi, sai na ɗauka ita ce abin, na manta da tafkin da take ba da shaida a kansa.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya daidaita. Masu takardu sun fi guraben yawa, har waɗanda suka fito daga makarantar horon jiragen ruwa ta Oron, wadda aka kafa tun 1979, da yawansu kukansu shi ne rashin jirgin da za su yi watannin gwaji a kai. Kamfani na son wanda ya taɓa aiki a teku, teku kuwa ba a shiga sai kamfani ya ɗauka. Yaya ya yi fiye da shekara yana gyaran janareta a Onne kafin ya sami gurbin mai goge inji, shi ma na 'yan watanni, a sauka a jira. Takardun kuma ba na har abada ba ne: BOSIET shekara huɗu take yi, horon tsira da na gobara kuwa duk shekara biyar sai an sabunta, da sabon kuɗi. Ko yana kan jirgi ko yana zaune, kwanakinsu tafiya suke yi.

Inna ba ta kama sunan Yaya, don shi ne ɗan fari, ba ta kuma tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Sai in na zo hutu, ta bari kowa ya fita, tana tankaɗe ba ta dube ni ba, ta ce, "Wannan na kudu, takardar tasa saura wata nawa?" Na faɗa mata. Ta yi shiru tana lissafi da yatsu, na san kuwa tumakinta biyu da ke turke take ƙirgawa. Takardun bogin suna nan a ƙasan akwatina a ɗakin kwanan ɗalibai. Yaya ya ce in ƙone su, ban ƙone ba tukuna.